Kafin a Sa Tubali, a Tona a Gani

Jawabin wani ma'aikacin gine-ginen karkara ga 'yan makarantar yaƙi da jahilci

A wani gari na bakin Korama, cikin ƙasar Matamai, jama'a sun yi shawarar gina bankin cimaka. Maza sun tara kuɗi. Mata sun kawo na adashi. Samari sun buga tubali. Maigari ya ba da fili dab da kasuwa, a gefen fadama, inda ruwa da ƙasar gini suke kusa. Saura a ja igiya a fara tushe.

Komitin gari ya kira ma'aikacin gine-ginen karkara don ya auna fili. Ya iso da la'asar, cikin bazara. Bai fiddo igiyar awo ba. Sai ya roƙi samari biyu su tona rami a tsakiyar filin, zurfin metir 1 da rabi. Aka rufe bakin ramin da itace da ƙaya, aka bar shi ya kwana. Da safe jama'a suka taru a rumfar makarantar yaƙi da jahilci. Ga jawabin da ya yi musu. A karanta shi a kowace makaranta, a tattauna.

Wa ke ɗaukar nauyin gini?

Bayan gaisuwa, ma'aikacin ya fara da lissafi. Ya ce kowa ya ɗauki allo.

Bangon ƙasa mai kaurin santimetir 40 da tsayin metir 3, kowane metir guda na tsawonsa ya kai nauyin ton 2. Wato nauyin buhu 20 na hatsi, mai kilo 100. Ɗakin da za a gina tsawonsa metir 8 ne, faɗinsa metir 5. In an kewaya bangonsa, metir 26 ke nan. Bango kaɗai ya kama ton 52. In an zuba buhu 300 a ciki, an ƙara ton 30. Duka ton 82, ban da rufi.

Ya ce wannan kaya duka ƙasa ce za ta ɗauke shi, dare da rana, rani da damina. Mutum ba ya aza wa jaki kaya sai ya duba bayansa. To, ƙasa ma haka take. Wata tana da ƙarfi, wata ba ta da shi. Abu biyu ake dubawa kafin a sa tubali: ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, da irin ƙasar da tushe zai zauna a kai. Ido ba ya ganin ko ɗaya daga sama. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawa, yana sauka

Kowa ya san ruwan rijiya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da bazara guga yana nisa. A ƙarshen damina igiya tana raguwa. Ruwan da ke cikin rijiya shi ne ke ƙarƙashin gona da gida da kasuwa. In ya hau a rijiya, ya hau a ƙarƙashin gini.

A kan tudu ruwan yana da zurfi, wani wuri gaba 20, wani wuri fiye da haka. Amma a kwarin Korama, da Dallol Boso, da Dallol Mawri, akwai wuraren da metir 1 ko 2 ya isa a tarar da shi. Wannan albarka ce ga mai rake da mai lambu. Ga mai gini kuwa abin lura ne.

Ruwa na kusa yana yi wa gini ɓarna iri uku.

Ta farko, yana sanyaya ƙarfin ƙasa. Laka busasshiya diga ma da ƙyar take shigarta. In ta jiƙe, ƙafar yaro tana nutsewa a ciki.

Ta biyu, yana hawa cikin bango kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. A cikin rairayi ba ya hawa da nisa. A cikin laka kuwa yana hawa metir guda ko fiye. In ruwan yana da kanwa ko gishiri, sai gindin bango ya yi fari, ya riƙa zuba kamar gari. Mutanen Dallol Foga da na kwaruruwan Gure sun san wannan ciwo. Damshin nan in ya shiga daɓe, hatsi ya yi fumfuna.

Ta uku, yana cika masai. Ƙazanta ta bi ruwa ta shiga rijiya, gudawa ta shiga gari. Don haka gindin ramin masai ya kamata ya ɗara ruwa da metir 1 da rabi. Tsakanin masai da rijiya kuma a bar metir 30.

Ma'aikacin ya ce kada a dogara da shekara guda. Lokacin farin 1973 da na 1984, tafkuna da yawa sun ƙafe. Mutane suka ga fili busasshe, suka gina gidaje inda kakanninsu ba su gina ba. Da ruwa ya dawo, ya nemi wurinsa. A watan Satumba na 2020 kogin Kwara ya kai metir 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shinge ya shiga unguwanni. A daminar 2024 ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar. A wannan shekara ce tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, ran 3 ga Satumba, bayan ruwa mai yawa.

Darasin ba sabo ba ne. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin Gulbi yake. A 1945 ambaliya ta cinye shi. Daga nan aka mai da gari bisa tudu, inda yake a yau.

Akwai kuma wani abin mamaki. A karkarar da ke kewaye da Yamai, masana sun auna rijiyoyi shekara da shekaru. Suka tarar ruwan ƙasa ya hau kimanin metir 4 tsakanin 1963 da 2007, ko da yake an sha fari a tsakani. Dalili shi ne sare daji. Da aka rage itatuwa, ruwan sama ya riƙa gudu yana taruwa a tafkuna, daga can yana tsiyaya ƙasa. Ke nan zurfin da tsoho ya sani yana yaro, ba lalle ne shi ne na yau ba.

Yadda ake sanin zurfin ruwa

Hanya ta farko ita ce tambaya. A tambayi dattawa: a shekarar da ruwa ya fi yawa, ina ya tsaya? A tambayi mata masu ɗiban ruwa, don su suka san igiya. A tambayi maginan rijiya, don sun san abin da ke ƙarƙashin gari hawa hawa. Matambayi ba ya ɓata.

Hanya ta biyu ita ce duban tsiro. Inda giyayya da bagaruwa suka yi yawa, ruwa yana kwanciya a wurin da damina. Inda jema ko burgu ko bado suka fito, ba sai an faɗa ba. Kurmin goriba da giginya a cikin kwari alama ce ruwa ba ya da nisa.

Hanya ta uku ita ce duban gine-ginen maƙwabta. Bango ya tsage? Gindinsa ya yi fari? Ƙofa ta daina rufuwa? Wanda ya riga ka gini ya riga ya gwada maka ƙasa.

Hanya ta huɗu ita ce awon rijiya. Wannan aikin mai ilimi ne. A sami igiya, a ƙulla ta kowane rabin metir, a ɗaura dutse a bakinta. A zaɓi rijiyar da ta fi kusa da filin. Ran farko na kowane wata, da asuba kafin a fara jan ruwa, a sauke igiya har dutse ya taɓa ruwa. A rubuta kwanan wata da zurfin a cikin kaye. Awon da ya fi muhimmanci shi ne na ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya kai iyakar hawansa. Wanda ya auna da bazara kaɗai, rabin labari ya ji.

Hanya ta biyar ita ce rami. A tona ɗaya a tsakiyar fili, a tona a kusurwoyi. A bar su su kwana, don ruwa a hankali yake tsattsafowa. A duba launin ƙasar gefen rami. In ta yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi, da ɗigon ja kamar tsatsa, ruwa yana kaiwa nan, ko da yau a bushe take.

A nan ma'aikacin ya ja kunne. Rami cikin jiƙaƙƙen rairayi yana ruftawa ba sallama. Kada mutum ya shiga shi kaɗai. Kada a tara ƙasar da aka fitar a bakin rami. In zurfi ya wuce ƙirjin mutum, a faɗaɗa bakin ko a tokare gefe da itace. A rufe shi da dare saboda yara da dabbobi. In an gama, a cike shi a daddaɓe.

Ƙasa mai lotsawa

Daga nan ya juya kan ƙasa. Jigawa, da geza, da tsakuwa, da marmara, kowa ya san su. In ba su jiƙe ba suna ɗaukar gini. Baƙar laka mai dararrewa da rani tana da wuyar sha'ani: tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, ta tsaga bango. Amma akwai wadda ta fi ta haɗari.

Wannan ƙasa ba daga dutse ta fito ba. Daga ciyawa ta fito. Inda ruwa ke kwance shekara duka, ciyawa da ganye suna mutuwa su nutse. A ƙarƙashin ruwa ba iska, don haka ba sa ruɓewa sarai. Na bana ya hau kan na bara. A hankali take taruwa, kimanin milimetir 1 a shekara. Kaurin metir guda sai ya ci shekara 1,000. Da Faransanci ana ce mata turbu. Baƙa ce ko ja-ja. Tana da taushi. In an kasa nauyinta kashi 10, har kashi 9 yana iya zama ruwa. Soso ce jiƙaƙƙiya.

Gidan turbu na ainihi ƙasashe ne masu yawan ruwa. Ma'aikacin ya kawo labarin huɗu daga cikinsu.

A Ingila akwai wata fadama mai turbu da aka janye wa ruwa don a yi noma. A 1851 aka kafa wani dogon ƙarfe a wurin, aka tura shi har ya tarar da ƙasa mai ƙarfi, kansa daidai da doron ƙasa. Ƙarfen bai motsa ba. Ƙasar ce ta riƙa sauka. Yau yana tsaye kimanin metir 4 a sarari, ya fi tsayin mutum biyu.

A ƙasar Holan, birnin Amsadam a kan turbu da laka mai taushi yake. Ba sa aza gini a kan ƙasar sama. Dogayen turaku suke kafawa har su kai rairayi mai ƙarfi a can ƙasa. Fadar sarki da ke tsakiyar birnin, wadda aka fara ginawa a 1648, tana zaune a kan turakun itace 13,659. Muddin itacen yana cikin ruwa ba ya ruɓewa. In ruwa ya sauka, iska ta same shi, sai ya fara ci.

A Indunusiya an yanka magudanai an busar da turbu don a yi gonaki. A 2015 ta kama wuta. Wutar ta yi makonni tana ci a ƙarƙashin ƙasa, hayaƙi ya rufe garuruwa.

A Afirka ma akwai ta. A 2017 masana suka bayyana cewa dajin kogin Kwango yana kwance a kan turbu wadda faɗinta ya fi ƙasar Benin duka. A Senegal kuma ana samunta a kwaruruwan da ke tsakanin tuddan rairayi, daga Dakar zuwa Sanluwi.

A Nijar zafi da fari suna saurin cinye ciyawa, don haka turbu mai kauri irin ta waɗancan ƙasashe ba ta da yawa. Amma tana da 'yan uwa guda biyu a nan.

Ta farko ita ce baƙin taɓo mai haɗe da ruɓaɓɓiyar ciyawa, a gindin tafkin da ba ya ƙafewa, da korama, da kwarin da ke tsakanin tuddai. Wani lokaci iska ko ruwa su kawo rairayi su rufe shi. Daga sama sai a ga kamar jigawa.

Ta biyu hannun mutum ne ya yi ta. Ita ce kududdufin da aka cike da shara, da toka, da kashin dabbobi, da leda. Bayan shekaru sai a manta, a yanka fili a sayar. Wanda ya saya ya sayi juji.

Halinsu ɗaya ne. In an aza musu nauyi, ruwa yana fita a hankali, ƙasa tana lotsawa. Ba a rana ɗaya ba: shekara da shekaru take yi. In ruwa ya janye, ciyawar ta sami iska ta ruɓe, ƙasa ta ƙara sauka. Kuma ba ta sauka daidai. Gefen da ya fi kauri ya fi sauka. Sai gini ya karkace, tsaga ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga ta yi sama a gicciye. A yaɓe bana, ta buɗe baɗi. Ba laifin magini ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa da gara da ɓera ma haka.

Gwaji shida da kowa zai iya

Ma'aikacin ya ce ba sai da na'ura ake fara gane wannan ƙasa ba. A ɗebo daga kowane hawa na rami, a jera, a gwada.

1. Gwajin hanci. Ƙasar kirki ƙanshin ƙasa take yi. Mai ruɓa tana warin taki ko na ruɓaɓɓen ƙwai.

2. Gwajin matsa. A dunƙula a hannu a matse. In baƙin ruwa ya fito, ko taɓo ya kurɗa tsakanin yatsu, aka bar zare-zaren ciyawa a tafin hannu, ita ce.

3. Gwajin murza. A jiƙa kaɗan a murza kamar igiya. Rairayi ba ya murzuwa. In ta yi dogon zare siriri ba ta karye ba, laka ce mai yawa.

4. Gwajin kwalba. A zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku na kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Rairayi yana kwantawa cikin minti guda. Laka sai ta kwana. Ruɓaɓɓiyar ciyawa tana tasowa sama.

5. Gwajin rana da wuta. A yi curi a shanya. In ya tsuke ƙwarai ya yi sakayau kamar busasshen kashin shanu, a sa shi a garwashi. Ƙasar dutse ba ta ci. Mai ciyawa tana hayaƙi, ta bar toka.

6. Gwajin ƙarfe. A sami ƙarfen gini mai tsawon metir 2. A kafa a gindin rami a danna da hannu. A ƙasa mai ƙarfi da wuya ya shiga ɗani guda. In ya zarce kamar cikin tuwo, a dakata.

Abin da ramin ya nuna

Da ya kai nan, sai jama'a suka ɗunguma zuwa filin. Aka ɗauke itace da ƙaya. Jiya da yamma gindin ramin damshi kawai ya yi. Yau ga ruwa kwance. Wata ɗaliba ta sauke igiya mai ƙulli, ta karanta: daga baki zuwa ruwa, metir 1 da santimetir 20. Ga shi kuwa bazara ce.

Aka duba gefen rami. Rabin metir na sama farin rairayi ne. Ƙarƙashinsa baƙar ƙasa ce har gindi. Sarkin magina ya ɗebo ya sansana, ya matse. Baƙin ruwa ya zubo ta tsakanin yatsunsa. Aka sa ƙarfe, yaro guda ya danna shi ya shige fiye da metir. Wuri ya yi tsit.

Wani tsoho ya ce ya tuna. Yana yaro, a nan suke tsinkar bado.

Tambayoyin jama'a

Maigari ya fara. Ya ce: Malam, filin nan kusa yake da kasuwa, ga tubali an riga an buga a gefensa. In an sa siminti da yawa a tushe fa?

Ma'aikacin ya amsa: Ranka ya daɗe, siminti yana ƙarfafa gini, ba ya ƙarfafa ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Nauyi ma yake ƙarawa. Jakin da bayansa ya yi rauni, sabon akumari ba ya warkar da shi. Kwashe tubali da amalanke aikin kwana kaɗan ne. Sake gini kuwa sai an sake tara kuɗi.

Shugabar mata ta ce: Malam, ai rumbunanmu a nan gefen suke tun da daɗewa, ba su nutse ba.

Ya amsa: Gaskiya ne, Inna. Rumbun kara ba shi da nauyi, kuma a kan duwatsu ko itace yake, iska na bi ta ƙarƙashinsa. In ya karkata, a sa masa dutse a gyara. Ɗaki mai ton 82 ba a ɗaga shi a sa masa dutse.

Wani saurayi mai lambu ya ce: in an yanka magudana an janye ruwan fa?

Ya amsa cewa magudana tana da amfani ga ruwan sama, don kada ya kwanta a gindin bango. Amma janye ruwa daga ƙasa mai ciyawa shi ne abin da ya saukar da fadamar Ingila. Ban da haka, wannan ruwa shi ne abincin rake da lambun gari. Ba a ɓata gona don a gyara ɗaki.

Abin yi in an tarar da irin wannan ƙasa

Magani na farko, wanda ya fi sauƙi, shi ne a sake wuri. A hau tudu, inda ruwa ba ya kwanciya. A can ma a tona a gani.

In baƙar ƙasar ba ta da kauri, kamar rabin metir, kuma ruwa na nesa, ana iya kwashe ta duka har a kai ƙasa mai ƙarfi. Sai a cike da tsakuwa ko jar ƙasa. Ba a zubawa gaba ɗaya. A zuba santimetir 15, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara wani hawa.

In tana da kauri, kuma dole sai nan, aikin ya fi ƙarfin gari. A kan hanyar mota da gada, injiniyoyi sukan tara tulin ƙasa mai nauyi a wurin, su bar shi watanni, suna awo har lotsawa ta lafa. Ko su kafa turakun siminti da ƙarfe har ƙasa mai ƙarfi. Duka biyu suna cin kuɗi da lokaci.

Ko a ƙasa mai kyau, ginin ƙasa yana son takalmi. A yi tushe da dutse, ya fi bango faɗi. A ɗaga shi kamar santimetir 40 ko 50 bisa doron ƙasa kafin a fara tubali. A ɗaga daɓe. A sa indararo mai tsawo. A gangara ƙasar kewaye don ruwa ya yi nesa da bango. A jera buhu a kan itace, kada ya taɓa daɓe ko bango.

Babban gini kuwa, kamar lakwal, ko likita, ko masallacin Juma'a, ko hasumiyar ruwa, gwajin hannu bai isa ba. A sanar da ma'aikatan gine-ginen karkara da na ruwa tun kafin a yanke wuri. Suna da ma'aunai, kuma suna iya aika ƙasar ɗakin gwaji a Yamai. In ɗan kwangila ne zai yi aikin, komitin gari yana da ikon tambaya: an tona? Me aka tarar? Ina takardar? Wanda ya iya karatu ba a rufe masa ido.

Shawarar gari

Bayan azahar komiti ya zauna da maigari da liman da sarkin magina. Aka daɗe ana magana, don masu kasuwa ba su so a yi nisa ba. Daga ƙarshe aka daidaita. Za a mai da bankin cimaka kan tudun da ke arewa da makaranta. Za a tona ramuka biyar a can kafin a ja igiya. Filin gefen fadama an ba ƙungiyar mata su yi lambu, tun da ƙasar da ba ta ɗaukar bango tana ɗaukar albasa da kabewa. An kuma naɗa ɗalibai biyu, mace da namiji, su riƙa auna rijiyar gari kowane wata suna rubutawa a kaye.

Ma'aikacin ya rufe jawabinsa da cewa ramin nan bai ci komai ba sai guminsu na yamma guda, da diga da felu. Ga shi ya tsare kuɗin gari duka. Tun ran gini ran zane. Liman ya yi addu'a, aka watse.

Aikin makaranta

1. Ɗaki mai tsawon metir 6 da faɗin metir 4, bangonsa irin na sama. Ton nawa ne nauyin bangon?

2. Da bazara ruwan rijiya yana metir 4. A ƙarshen damina yana metir 2 da rabi. Nawa ya hau?

3. A garinku, ina ne ruwa ya tsaya a daminar 2024? A zana taswirar gari a allo, a sa alama.

4. Akwai tsohon kududdufi ko tafki da aka cike a garinku? A tambayi dattawa, a rubuta sunayen wuraren, a ba maigari ya ajiye.